Kuɗin masu buƙata ta musamman: ina rabon yaran da ba sa iya zuwa layi?

Duk shekara in 3 ga Disamba ta zagayo, wato ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, hotuna iri ɗaya ne ke cika mana Facebook. Rumfa, kujerun roba, wani babba ya dafa keken guragu ana ɗaukarsa hoto, a gefe an jera sandunan makafi da kekunan ɗinki da buhunan shinkafa, sai a rubuta a ƙasa wai gwamnati ta share wa nakasassu hawaye. Wannan karon na tsaya na duba fuskokin da ke cikin hotunan sosai, guragu na nan, makafi na nan, kurame na nan da mai yi musu tafinta da hannu, amma ko ɗaya ban ga irin yaran nan da kowace unguwa take da su ba. Yaron da ya shekara tara bai zauna ba, yarinyar da ta isa aure amma har yanzu sai an yi mata wanka an ba ta abinci a baki, mai galahanga da ba ya magana kuma ba ya jure hayaniya. Babu su, babu iyayensu.

Ba ina ƙyashin wanda ya samu keke ba ne, Allah Ya sanya albarka, shi ma haƙƙinsa ne kuma bai ma kai abin da ya kamata ya samu ba. Maganata ita ce: kuɗin da gwamnati ke warewa da sunan nakasa kusan duka yana tafiya ne ga abin da za a iya ɗauka a hoto, su kuma yara da manya masu lalurar ƙwaƙwalwa da jinkirin girma abin da suke buƙata ba ya shiga hoto. Mutum suke buƙata. Malamin da ya san aikin, mai gashin ƙashi, mai koyar da magana, da uwar da za a ɗan rage wa nauyi. Don haka ni ra'ayina a ware musu kasonsu daban a kasafi da sunansu, a riƙa biya duk wata ba sau ɗaya a shekara ba, kuma mafi yawansa ya tafi ga albashi da aljihun mai jinya, ba kwangilar gini ko sayen kaya ba.

Me ya sa kullum su ake mantawa

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature akwai sarkin makafi, akwai sarkin kutare, akwai sarkin guragu, suna da tsari, suna da wanda zai je fada ya yi magana da yawunsu. Yau ma suna da ƙungiyoyi da shugabanni da suka yi boko, in an hana su abu za su shiga rediyo, in ta kama su tare ƙofar gidan gwamnati, kuma suna da katin zaɓe. A babbar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, akwai rukunin masu lalurar ƙwaƙwalwa a rubuce, amma ka gaya min tsakani da Allah a ƙaramar hukumarku wa ke wakiltarsu ranar da ake rubuta sunaye?

Shi wannan yaron ba zai iya faɗin sunansa ba ballantana ya nemi haƙƙi. Mai magana da yawunsa uwarsa ce, ita kuma tana cikin gida ba ta da wanda za ta bar wa shi, ƙari da cewa an riga an cika mata kunne da cewa ɗan ruwa ne, ko aljanu ne suka musanya shi, ko wani laifi ta yi lokacin goyon ciki, to da wace fuska za ta fito da shi bainar jama'a? Wasu mazan ma daga nan auren yake mutuwa, a ce a danginku ne ake haifar irin wannan.

Ga shi kuma ba mu ma san yawansu ba. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Doka dai akwai ta

Kar wani ya ce sabon abu nake nema. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2010. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. A cikin dokar nan an ce karatu kyauta ne gare su har sakandare, an ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su kuma ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don su, an kuma ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Dan Allah ka ɗauki irin wannan yaro ka je firamaren unguwarku, ajin da malama ɗaya ke fama da yara sun fi ƙarfin benci wasu a ƙasa, ka ce ga shi doka ta ce a karɓa. Hedimasta ba mugu ba ne, zai ba ka haƙuri ne kawai ya ce ba su da wanda zai kula da shi, kuma gaskiya ya faɗa.

Har kuɗi ma akwai hanyarsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a cikin wannan kuma akwai kashi 2 cikin 100 da aka keɓe wa ilimin yara masu buƙata ta musamman, wanda ke bi ta hukumomin SUBEB na jihohi. Kashi 2 na kashi 2 fa. Ɗan wannan ɗin ne makarantun makafi da na kurame da kowa da kowa za su yi wawaso a kai, in an saye injin rubutun makafi da na'urar ji an gyara rufin hostel to shikenan, babu abin da ya rage wa yaron da matsalarsa ba ido ba ce ba kuma kunne ba. Hatta makarantunmu na musamman da aka sani, irin ta Tudun Maliki a Kano, an fi saninsu ne da kurame da makafi.

"Masu lafiyar ma ba su samu ba"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ba na raina ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a matse yake, yara masu cikakkiyar lafiya suna yawo a titi ba makaranta, to wai a bar su a koma kan wanda ko an koya masa ba zai zama likita ba?

Amma ka tsaya ka duba daga ina yawancin wannan lalurar take fitowa. Eh akwai wadda halitta ce, kamar Down syndrome, lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai jinkirta girma da fahimta, wadda ake samu a kusan haihuwa ɗaya cikin dubu a ko'ina a duniya, ba ruwanta da talaka ko mai kuɗi. Amma kaso mai yawa a nan wajenmu, gazawar asibiti ce ta haifar da shi. Doguwar naƙuda a gida ko a asibitin da ba nas da daddare, jariri ya fito bai yi kuka ba iska ba ta kai ƙwaƙwalwa ba. Shawara ta kama jariri a satin farko idonsa ya yi rawaya, a ce a shanya shi a hantsi a ba shi jiƙo, alhali fitilar nan mai shuɗin haske ta kwana biyu uku za ta iya tare abin, amma ko an je asibitin fitilar ta lalace ko ba wuta. Sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya yi ta jijjiga. Sannan ka tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, yara kusan 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, waɗanda suka rayu da yawansu ƙwaƙwalwa ta taɓu, yanzu sun zama samari da 'yan mata, wa ke tambayar inda suke?

To in gwamnati ce ta gaza samar da nas da fitila da rigakafi, daga baya ta zo ta ce ba ta da kuɗin kula da sakamakon, ai wannan ba tsimi ba ne, tura wa talaka bashin da ita ta ci ne.

Kuma wai an ɗauka in ba a kashe ba kuɗin ya tsira? Ana biyansa, sai dai a cikin gida ake biya. Akwai wata baiwar Allah a layinmu, da tana sayar da awara da yamma tana kuma kitso, yanzu duk ta bari. Yaronta ya wuce shekarun goyo nesa ba kusa ba amma a baya take ɗaukarsa, ƙafafunsa na reto har wajen gwiwarta, ta tsaya bakin titi masu adaidaita su wuce ta saboda sun san sai ta ɗauki kujerar mutum biyu. In ta isa sashen gashin ƙashi ta karɓi lamba ta zauna tun safe, a taɓa shi na ɗan lokaci a ce ta dawo wani satin. Ga famfas kullum don ba ya iya riƙewa, ga maganin farfaɗiya da ba a fashinsa, ranar da kuɗin bai kai ba sai ta raba ƙwayar biyu, ta san ba daidai ba ne amma ya za ta yi. Babbar 'yarta an cire ta daga makaranta don ta riƙa zama da shi in uwar za ta fita. Ka ga gida ɗaya an rasa sana'ar uwa, an rasa karatun yarinya mai lafiya. Wato "masu lafiyar" da ake cewa a fara da su, su ne ke biyan kuɗin tun yanzu.

"Ai ba warkewa za su yi ba"

Gaskiya ne, yawanci ba a warkewa, kuma duk wanda ya ce maka yana da maganin galahanga na sha ko na turare kuɗinka yake so. Amma wa ya ce sai abin da ke warkewa ake kashe wa kuɗi? Hawan jini ma ba ya warkewa, ba mu ce a rufe kilinik ɗinsa ba.

Abin da ake nema ba digiri ba ne. Yaron da aka fara yi wa gashi da motsa jiki tun yana shekara ɗaya zuwa biyu, yana iya zama da kansa, wani ya tsaya, wani ya taka. Wanda aka koya wa ya nuna da hannu ko da hoto cewa yunwa yake ji ko banɗaki yake so, ihun da buga kai a bango suna raguwa domin dama rashin hanyar faɗa ce ke kawo da yawansu. Ya iya kai cokali bakinsa. Ya iya zuwa bayan gida. Wanda bai taɓa wanke ƙato ɗan shekara goma sha biyar ba ba zai gane girman wannan ba, amma ga uwar, wannan shi ne bambancin ta koma kasuwa ko ta ƙare rayuwarta a ɗaki. Masu Down syndrome da yawa kuma in an koya musu suna aiki sosai, shirya kaya a shago, kiwo, wanki da guga, ban-ruwan fulawa, kuma ba su da ha'inci.

Duk wannan da wuri ake yinsa. Shekarun farko in suka wuce gaɓoɓi sun riga sun sandare, shi ya sa tallafin sau ɗaya a shekara ba ya aiki a nan. Keke in ka ba mutum yau zai yi shekaru yana amfani da shi. Koyar da magana in ka yi wata biyu kuɗin ya yanke sai an sake sabon kasafi, to ka koma farko.

"Ƙaddara ce, aikin dangi ne da zakka"

Ƙaddara ce mana, wa ya musa? Ambaliya ma ƙaddara ce amma muna da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. Kuma addinin da ake fakewa da shi bai ce a bar su ba, a Suratun Nisa'i inda aka hana miƙa wa masu raunin hankali dukiya a hannu, a ayar dai aka ce a ciyar da su a tufatar da su a yi musu magana mai daɗi. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato su shigo, ina maraba, masu kuɗi su gina waƙafi. Amma zakka sau ɗaya take fita a shekara kuma ta danganta da zuciyar mai bayarwa, ba za ka ɗauki malami aiki ka ce masa albashinka sai Alhaji ya fitar da zakka ba.

Dangi kuwa, mu daina yaudarar kanmu da zumuncin da. Yau kowa da nasa, kuma mun ga inda dangi ke kai mutum in sun gaji. A 2019 da aka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina, an fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, kuma 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu har suna biyan kuɗi. Ba duka ne 'yan ƙwaya ba. In ba ka ba iyali wata ƙofa ba, ƙofar da ke buɗe za su bi, ko mari, ko ɗaki da kwaɗo, ko a ɗora shi a baro a shiga da shi kasuwa bara.

"Sacewa za a yi"

Toh, nan kam ba ni da bakin musu sosai. Kowa ya tuna Janairun 2024 da aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu bayan takarda ta fito da ke nuna an nemi a tura naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu zuwa asusun mutum ɗaya. In an ce "tallafi" yanzu mutane dariya suke yi, kuma da dalilinsu. Akwai ma 'yan ƙungiyoyin jaka, ofishinsu a cikin jakar hannu yake, da sun ji an buɗe tallafi sai su yi rajista su ari yara a ɗauki hoto.

Sai dai ka lura, kuɗin da ya fi saurin ɓacewa shi ne na kwangila da na sayen kaya, inda mutum ɗaya zai sa hannu a ce an sayo abu dubu alhali ɗari aka kawo. Shi ya sa na ce a biya mutane. Albashin malami in bai shigo ba, malamin zai yi magana. Uwa in an saba turo mata duk wata ya tsaya, za ta kira gidan rediyo. Kuma ba a kanmu za a fara ba. Afirka ta Kudu tana biyan mai kula da yaro mai tsananin nakasa sama da rand dubu biyu duk wata bayan likita ya tabbatar. Kenya na biyan gidajen da ke da mai tsananin nakasa shilin dubu biyu a wata. A Ghana wani kaso na kuɗin da ake tura wa gundumomi an keɓe shi ne don masu nakasa. Nan kusa ma, Jigawa tun zamanin Sule Lamido a 2007 ta fara biyan nakasassu naira dubu bakwai a wata, gwamnatoci sun canza, amma tsarin bai mutu ba. Kuɗin ba yawa, musamman a wannan tsadar, amma ya nuna jihar Arewa za ta iya riƙe biyan wata-wata shekara da shekaru in ta ga dama. Abin da ya rage a buɗe irin wannan da sunan mai jinya, kuma likita ne zai tantance, ba kansila ba.

Cibiyoyi masu zaman kansu kuma, yawancin na gaskiyar iyaye ne suka buɗe su bayan sun rasa inda za su kai nasu yaran, a Abuja da Legas suka fi yawa, 'yan kaɗan a Kano da Kaduna da Jos, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin mai albashin dubu saba'in. Irin waɗannan a ba su tallafin shekara uku a jere bisa yawan 'ya'yan talakawa da suka ɗauka kyauta, a manna sunan cibiya da adadin kuɗin a fili, a kuma sa iyayen yaran cikin masu zuwa dubawa. Wanda aka kama da yaran aro a cire shi a kai shi kotu.

Abu ɗaya da nake roƙo kar a yi: kar a ce za a gina katafariyar cibiya a babban birnin jiha a tara su a ciki. Na san shi ne abin da zai fi burge 'yan siyasa don akwai yanka kintinkiri. Matar da ke ƙauye ba za ta iya zuwa ba, kuma yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa, in ka raba shi da idon uwarsa ka kulle shi da baƙi, ka san abin da ke biyo baya. Gara ɗaki ɗaya a firamare ɗaya a kowace mazaɓa da malami biyu, da mai gashin ƙashi da zai riƙa zagaya asibitocin sha-ka-tafi ranar kasuwa yana koya wa iyaye abin da za su yi a gida. Ma'aikatan ma ba daga sama za a sauko da su ba, kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun shekarun 1970, Jami'ar Bayero da ta Jos duk suna da sashen wannan karatu, da yawa daga ɗalibansu suna nan suna koyar da wani darasin daban ko suna sana'ar POS saboda ba a buɗe gurbin aikinsu ba.

Ƙarshen shekara ne gwamnoni ke kai kasafi majalisa, wasu jihohin har zaman jin ra'ayin jama'a ake yi. Duk wanda ke da lambar ɗan majalisar jiharsa, ko yake shiga shirin rediyo na kiran waya, tambaya biyu zai yi: nawa SUBEB ta karɓo na ilimin masu buƙata ta musamman a shekarar da ta wuce kuma wace makaranta aka kai, sannan a kasafin bana wane layi ne aka rubuta da sunan yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. In aka ce maka ai suna cikin kuɗin nakasassu gaba ɗaya, ka ce a faɗa maka nawa ne nasu a ciki.